Gyaran Ɗan Kasuwa Ba Tuba Ba Ne: Raddi Ga Masu Murnar Jin Kiran Salla A Wasan Bidiyo



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata gardama ce da ta haɗa ni da ɗan ƙanwata a zauren gidanmu da ke Tudun Wada, nan Zariya. Wata rana bayan sallar isha'i ya shigo da kwamfutarsa a hammata, fuskarsa cike da fara'a, ya ce da ni: "Kawu, zo ka ji abin mamaki, Turawan nan fa sun tuba." Ya ƙara murya, sai ga kiran salla yana tashi daga wata hasumiya, ga kasuwa cike da mutane ana ciniki da Larabci, ga raƙuma, ga masu rawani. Ya ce: "Wannan Bagadaza ce ta zamanin Abbasiyawa. Kullum kana cewa masu yin wasannin nan ba su ɗauke mu a bakin kome ba. To ga shi an soke su, sun ji, sun gyara."

Na ce masa: "Ɗana, sun ji suka, wannan gaskiya ne. Amma sukar wa suka ji?" Muka kai kusan tsakar dare ba mu daidaita ba. Da yake na lura ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba, matasa da yawa masu zama a shagunan gem tsakanin Agoro da Kongo haka suke gani, sai na ga ya wajaba in rubuta hujjata dalla-dalla.

Kafin in shiga, bari in bayyana cewa ni ba baƙon wannan wasa ba ne. Sunansa Assassin's Creed, na kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa. Na fara buga kashinsa na farko a shekarar 2008 a kwamfutar wani abokina, lokacin muna ɗalibai, duk sanda aka kawo wuta. Na biyun ma na buga shi har ƙarshe. Saboda haka ba labarin kanzon kurege zan ba ka ba, abin da idona ya gani zan faɗa.

KASHI NA FARKO DA ABIN DA AKA SOKE SHI A KAI

Kashi na farko ya fito a watan Nuwamba na 2007, daga reshen kamfanin da ke Montiriyal a ƙasar Kanada. An gina labarinsa a shekarar 1191, lokacin Yaƙin Salibiyya na uku, zamanin da Salahuddin Al-Ayyubi ke fafatawa da Sarki Richard na Ingila. Mai wasa yana sarrafa wani makashi mai suna Altair, ɗan ƙungiyar da ke da sansani a dutsen Masyaf na ƙasar Sham, wanda shugabansa ya ba shi sunayen mutum 9 ya je ya kashe a biranen Dimashƙa da Akka da Ƙudus.

Wasan ya sayu ƙwarai, fiye da kwafi miliyan 8. Amma masu sharhin wasanni a jaridu da mujallun Turai da Amurka sun haɗu a kan ƙorafi ɗaya: maimaici. Kafin ka kai ga kowane ɗaya daga cikin mutum taran nan, abu ɗaya za ka yi ta yi. Ka hau hasumiya ka leƙa gari, ka zauna a benci ka saci jin hirar mutane, ka yanki aljihun wani, ka bi wani lungu ka lakaɗa masa duka har ya yi magana. Ka gama a Dimashƙa, ka je Akka ka sake, ka je Ƙudus ka kuma. Sannan wannan gwarzo da ke tsallake rufin gidaje kamar kyanwa, da zarar ya faɗa ruwa shi ke nan, ya nutse. Babu kuɗi a wasan, babu saye babu sayarwa, shi kansa Altair mutum ne mai ɗaurarriyar fuska da ba ya shiga rai. Wannan ita ce sukar, kuma ni kaina shaida ne cewa gaskiya ce, domin na sha yin hamma a gaban allon.

YADDA NA BIYU YA AMSA

Bayan shekara biyu cif, a Nuwamban 2009, kashi na biyu ya fito. Ya ɗan'uwa, in kana neman misalin yadda ake karɓar gyara, to ka same shi a nan. Kamar dai sun ɗauki takardar ƙorafin sun bi ta layi-layi. An ce ayyukan iri ɗaya ne, sai suka rarraba su, kowane mataki na labarin da irin aikinsa: yau tsere ne a keken doki, gobe rakiya, jibi tashi sama da na'urar da Leonardo da Vinci ya ƙera. An ce gwarzon ba ya iyo, sai sabon gwarzon ya zama gwanin ninƙaya, har ma aka kai labarin birnin Benis inda ruwa ne titi. An ce babu kuɗi, sai suka sa kuɗi da maƙera da teloli da masu magani, da wani ƙaramin gari mai suna Monteriggioni da mai wasa zai riƙa ginawa yana samun riba. An ce Altair ba ya dariya, sai suka kawo Ezio, saurayi ɗan birnin Fulorans mai barkwanci, wanda aka rataye mahaifinsa da 'yan'uwansa biyu a gabansa, don mai wasa ya ji zafin abin a zuciyarsa.

Masu sharhi suka yaba, aka sayi fiye da kwafi miliyan 9, kuma har yau a duniyar masu wasanni ana kafa misali da shi. Ni ma ba zan tauye musu haƙƙi ba: a matsayin sana'a, sun yi abin da yawancinmu ba mu iya ba. Da malaminmu da ɗan kasuwarmu da shugabanmu za su riƙa sauraren mai ƙorafi kamar haka, da ba nan muke ba. Bahaushe ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

ABIN DA BA A TAƁA BA

To amma a nan ne maganata take. Kashi na farko yana da wani aibi wanda ya fi maimaici girma nesa ba kusa ba, sai dai masu sharhin ba su ɗauke shi aibi ba.

Na farko, tarihi. Ƙungiyar da aka mayar gwarazan 'yanci a wasan tana da asali na gaske. Su ne waɗanda littattafan tarihi ke kira Hashshashin, da Hasan Sabbah ya kafa musu cibiya a ganuwar Alamut ta ƙasar Farisa a shekarar 1090. Ga su ake jingina kisan Nizamul Mulk a 1092, wazirin da ya gina makarantar Nizamiyya ta Bagadaza inda Imam Gazali ya karantar. Reshensu na Sham, ƙarƙashin Rashiduddin Sinan a Masyaf, sau biyu ya yi yunƙurin kashe Salahuddin kansa. Taken da wasan ya sa a bakinsu, mai musun samuwar wata tabbatacciyar gaskiya kuma mai halatta kome, ya shahara ne ta hanyar marubutan Turai, musamman wani ƙagaggen labari mai suna Alamut da Vladimir Bartol ɗan ƙasar Sulobeniya ya fitar a 1938.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, aƙida. A ƙarshen kashi na farko, shugaban ƙungiyar yana riƙe da wani dunƙulen ƙarfe da suke kira Tuffar Aljanna, yana bayyana cewa mu'ujizozin da mutane suka gaskata, har da tsagewar teku ga Annabi Musa (AS), rufa ido ne da wannan na'ura ta yi wa jama'a.

Yanzu sai mu tambaya: me kashi na biyu ya yi da wannan? Ya ƙara zurfafa shi. An ɓoye alamomi 20 a jikin gine-ginen Italiya, duk wadda ka gano sai ta buɗe maka wasan ƙwaƙwalwa, a ciki ana nuna maka cewa sandar Annabi Musa (AS) ma ɗaya ce daga cikin irin waɗannan na'urori. In ka kammala duka ashirin, ladanka wani gajeren bidiyo ne da suka sa wa suna Gaskiya, inda ake nuna wasu mutum biyu, Adamu da Hauwa'u, suna gudu daga iyayen gijinsu da tuffar a hannu. A ƙarshen labarin, bayan Ezio ya yi dambe da Fafaroma Alezanda na shida a fadar Batikan a shekarar 1499, sai wata mata mai suna Minerva ta bayyana ta shaida masa cewa jinsinta ne suka ƙirƙiri ɗan Adam. Wa'iyazu billahi.

Ka ga abin da nake nufi. Sukar da ta shafi gundurar mai saye an amsa ta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya shafi Annabawa kuwa babu wanda ya kai ƙara da ƙarfin da zai girgiza ciniki, saboda haka aka ƙara masa gishiri. An gyara ƙwarya, an goge ta tas, amma furar da ke ciki ita ce dai ta jiya, har ma an ƙara mata kauri.

BAGADAZAR DA TA BURGE ƊAN ƘANWATA

Wanda yaron ya kawo mini shi ne Assassin's Creed Mirage, da ya fito a Oktoban 2023. Shi ma amsa ce ga suka. Wanda ya gabace shi, Valhalla na 2020, labarin mayaƙan Viking ne a Ingila, ya kawo wa kamfanin fiye da dala biliyan 1, amma 'yan wasa sun koka cewa ya yi tsawo fiye da kima, mutum ya shafe awa 60 ko fiye bai ga ƙarshen labari ba, kuma an bar saɗaɗawa da ɓuya da aka san wasan da su an koma sara da gatari. Sai kamfanin ya ba reshensa na birnin Bordo aikin yin ƙaramin wasa, gari ɗaya, labarin da za a gama cikin kimanin awa 15 zuwa 20, a koma salon farko. Wannan ita ce sukar da aka ji. Ba ƙorafin wani Musulmi a kan aƙida ne ya haifi wasan ba.

Adalci ya sa in faɗi alherinsa. Sun sake gina birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762, mai siffar da'ira da ƙofofi huɗu, na Kufa da Basra da Khurasan da Sham, birnin da babu ko bango ɗaya nasa da ya rage a yau. Sun nuna Baitul Hikma da masu fassara littattafai da masu nazarin taurari. Sun ɗauki muryoyin wasan duka da Larabci, ɗan wasan kwaikwayon nan na ƙasar Jodan, Eyad Nassar, shi ya yi muryar gwarzon. Sun sa wani sashe na bayanan tarihi da suka haɗa da taimakon masana da gidajen adana kayan tarihi. Wanda ya saba ganin Balarabe a wasan bidiyo a matsayin ɗan ta'addan da ake harbi, dole wannan ya sanyaya masa rai. Ban zargi ɗan ƙanwata don ya ji daɗi ba.

Amma na ce masa ya ba ni labarin gwarzon. Sunansa Basim, ɓarawon titi. A farkon wasan, a shekarar 861, ya shiga fada sata, a nan aka kashe Halifa Mutawakkil. A tarihi kuwa dogaransa Turkawa ne suka kashe shi a yankin Samarra, wadda ita ce fadar halifanci a lokacin. Na tambayi yaron: "Wane ne Mutawakkil?" Ya ce wani sarki ne da ke tsoron masu rufe fuska. Bai san cewa a zamaninsa ne aka kawo ƙarshen fitinar tilasta wa malamai cewa Alƙur'ani halitta ne ba, fitinar da aka ɗaure Imam Ahmad bin Hambal aka yi masa bulala saboda ita.

Sannan na ce: "To a ƙarshe wane ne Basim?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, domin ya san amsar. A labarin, wannan yaron Bagadaza da ke yawo ƙarƙashin kiran salla, sake dawowar Loki ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautar mutanen arewacin Turai, wanda wasan ya mayar ɗan jinsin nan da suka ce su suka ƙirƙiri mutum. Wato ginshiƙin da aka kafa a 2007 yana nan daram bayan shekara 16. Ladan yana kiran salla a sama, labarin kuma yana raɗa maka a ƙasa cewa wasu ne suka ƙera ka.

Malamanmu sun karantar da mu cewa tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin nan take, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙi in na wani ne. Wanne daga ciki aka cika a nan? Kamfani ba ya nadama, lissafi yake yi. Ya ga akwai kasuwa a ƙasashen Larabawa da sauran Musulmi, ya yi mata shimfiɗar fuska. Wannan ba laifi ba ne a wurin ɗan kasuwa, sana'arsa ke nan. Laifin namu ne in muka kira shi da sunan da ba nasa ba.

"AI WASA NE KAWAI"

Wannan ita ce garkuwar ƙarshe da yaron ya ɗaga. Ya ce ai a farkon kowane kashi suna rubuta cewa ƙagaggen labari ne, kuma ma'aikata masu addinai daban-daban ne suka haɗu suka yi shi. Ya ce shi bai fasa salla ba, bai kuma gaskata Minerva ba.

Na yarda da shi, kuma ina gargaɗin duk mai saurin kafirta yara saboda wasa da ya ji tsoron Allah. Hukuncin halal da haram na bar wa ma'abota fatawa. Abin da nake magana a kai shi ne abin da ke zama a ƙwaƙwalwa. Yaron da ke zuwa Islamiyya awa biyu a rana, rabinsu yana gyangyaɗi, shi ne zai zauna awa biyar a gaban allo idonsa ƙyar, hankalinsa duka a tattare, shi ke tafiya, shi ke kisa, shi ke buɗe asiri. Wane darasi ne zai fi kama shi? Ba a dare ɗaya ake rushe imani ba. Abin da ake fara cirewa shi ne kwarjini, har sunan Annabi ya zama ɗaya daga cikin sunayen 'yan wasa, mutum ya ji an taɓa shi gabansa bai faɗi ba. Da ganin ɗan ƙanwata ya san lungunan Masyaf bai san Nizamul Mulk ba, na gane inda aka kwana.

LAIFINMU

Yanzu bari in juyo kanmu, mu iyaye da malamai, domin kada a bar jaki ana dukan taiki. Darasin da ke cikin tarihin wannan wasa shi ne: waɗannan kamfanoni suna jin suka, amma sukar da ta san abin da take faɗa, ta nuna wuri, ta isa inda ake so.

Hujja tana nan. A Oktoban 2008 kamfanin Sony ya janye wasan LittleBigPlanet daga shaguna ya jinkirta fitowarsa a duniya, saboda wani ɗan wasa Musulmi ya rubuta cewa akwai lafuzzan Alƙur'ani a cikin wata waƙa ta makaɗin nan na ƙasar Mali, Toumani Diabaté, da aka sa a ciki. A Oktoban 2012 an cire wani fagen fama daga Call of Duty: Modern Warfare 2 har sai da aka gyara shi, domin an gano rubutun hadisi a jikin wani hoto da aka rataye a banɗaki. A Nuwamban 2021 kamfanin Activision ya nemi afuwa ya kuma cire shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a cikin Call of Duty: Vanguard. A duk waɗannan, wani ne ya zauna ya duba, ya ce ga minti kaza, ga ɗaki kaza, ga abin da ke ciki.

Mu fa? Mun kasu gida biyu. Dattijo ya wuce ta gaban shagon gem, ya ji ƙarar janareto da ihun yara, ya tofa yawu ya ce aikin Yahudu da Nasara ne, ya wuce. Bai san sunan wasa ko ɗaya ba. Yaro kuma ya san cewa dattijon bai sani ba, saboda haka maganar ta bi iska. Gida na biyu su ne matasan da suka san kome game da wasan, amma da sun ji an ce assalamu alaikum a ciki sai su narke, su manta da tambaya. Mai tsinuwa bai gani ba, mai gani kuma ba ya suka. Ta yaya za a amsa ƙorafin da ba a taɓa rubuta shi ba?

Ko da an rubuta, kada mu yaudari kanmu. Za su cire takarda daga ƙasa, za su sauya waƙa, domin wannan aikin kwana kaɗan ne. Ginshiƙin labarin da ya sayar musu da fiye da kwafi miliyan 200 kuwa ba za su tumɓuke shi don mu ba. Mai ɗaki shi ke shimfiɗa tabarmarsa inda ya ga dama.

Wannan ya kawo ni ga abin da na faɗa wa yaron daga ƙarshe. A garin nan namu aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan Alhaji Abubakar Imam ya zauna ya ɗauko labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula, ya zuba musu tarbiyyarmu, suka zama Magana Jari Ce. Bai tsaya zagin littafin Bature ba, bai kuma haɗiye shi yadda ya zo ba. Ya koyi sana'ar ya yi nasa. Yau ga Jami'ar Ahmadu Bello cike da yara masu karanta ilimin kwamfuta, ga ganuwar Zazzau, ga labarin Sarauniya Amina, ga hanyoyin fatake zuwa Gwanja, ga tafiyar mahajjata a ƙasa ta Sudan. Waɗanda suka gina Bagadazar da ba su taɓa gani ba daga littattafai suka gina ta. Mu namu ƙofofin suna tsaye, muna wuce Ƙofar Doka kullum.

Ban ƙwace kwamfutar yaron ba, ban kuma ce ya daina ba, domin na san in na hana a zaure za a koma shago. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: duk sunan da ya ci karo da shi a wasan, halifa ne ko malami ko gari, ya zo mu buɗe littafin tarihi mu ga abin da ya faru na haƙiƙa. Mun fara da Mutawakkil. Ya kuma yi mini alkawarin ba zai ƙara kiran gyaran ɗan kasuwa tuba ba.

Ya ɗan'uwa, in akwai irin wannan yaro a gidanka, ka ja kujera ka zauna kusa da shi ko da sau ɗaya ne, ka tambaye shi labarin abin da yake bugawa tun daga farko har ƙarshe. Za ka ji abin da ba ka zata ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.